Birki Daga Fagge

Taman Melati, Kuala Lumpur
22 ga Yuni

Yaya Haliru,

Assalamu alaikum. Ina fatan kun yi sallah lafiya, kai da Anti Ramatu da yara. Yaya gwiwar? Na san halinka, in an ce ka zauna ka huta sai ka ce shago ba ya buɗe kansa. Mu nan lafiya lau. Maigidana Abdulgani yana gaishe ka, yana fama da ɗalibansa, ni kuma ina fama da rubutun digirin nan da ya ƙi ci ya ƙi cinyewa.

Na rubuto maimakon in kira ne don na san in na fara a waya za ka katse ni kafin in kai tsakiya. Ka daure ka karanta har ƙarshe.

Maganar Kamila ce. Shekara shida ke nan da ka ɗora hannunta a nawa a filin jirgin Kano ka ce, "Ga 'yarki nan." Ka san tana hawan keke, na sha faɗa maka. Abin da ban buɗe maka sosai ba shi ne, abin ya wuce motsa jiki. Akwai wani fili a Nilai, tafiyar awa ɗaya daga gidanmu, rufaffe ne, an shimfiɗe shi da katako, zagayensa mita ɗari biyu da hamsin. Wajen kwana katakon a miƙe yake kamar gefen tasa. Ranar da na fara ganinsa na ce ko ƙadangare sai ya yi shawara kafin ya hau. A nan 'yarka take tsere, shekara huɗu ke nan.

Tseren nata gajere ne. Mata biyu, zagaye uku, wadda ta riga ƙetare layi ita ta ci. A zagayen ƙarshe gudun yakan haura kilomita sittin a awa. Yanzu masu kula da tseren keke na gida sun ga saurin da take yi, sun rubuto suna so ta hau da sunan Najeriya a gasar da za a yi nan Nilai a watan Agusta. Ƙasashe kusan ashirin za su zo.

Kafin ka tambaya, a rufe take hawa. Dogon hannu, wando har idon sawu, hijabi a ƙarƙashin hular kwano, yadda wasu 'yan Malesiya suke yi. Mai horar da ita mace ce, Koci Nurul, kuma ni da kaina nake kai ta in dawo da ita. Karatu bai taɓu ba.

Ta ce ba za ta amsa musu ba sai ka yarda. Na ce ai ni ma uwa ce, ta ce, "Boleh lah, Gwaggo, za ki iya, amma sai Baba ya ce." Hausarta ta karkace, amma tarbiyyar tana nan yadda kuka ba ni ita. Yaya, ban taɓa ganin yarinyar nan tana son wani abu kamar wannan ba, kuma ta iya. Ga hotonta da keken na haɗo maka. Na shiga Jalan TAR na yanko wa Anti Ramatu yadi, zan bayar a kawo.

Ƙanwarka,
Sharifa

Fagge, Kano
29 ga Yuni

Sharifa,

Wa'alaikumus salam. Muna lafiya, damina ta kankama. Gwiwa da sauƙi. Ki gaishe da Abdulgani. A takarda na rubuta na ɗauki hotonta na turo, ki yi haƙuri da rubutun, ban iya danne-dannen nan ba.

Na karanta har ƙarshe, sau uku ma. Ramatu ta yi kuka, ban gane ko na murna ba ne ko na tsoro, ita ma ta ce ba ta sani ba. Maganar sutura na gani, ba ni da ta cewa. Kuma ni ba zan hana 'ya hawan keke ba, da keke na ciyar da ku duka bayan rasuwar Baba.

Amma na buɗe hoton na ƙara masa girma. Keken mai kyau ne, ban taɓa riƙe irinsa ba. Na duba kan keken, na duba ƙafar gaba, na duba ta baya. Ina birki? Babu hannu, babu waya, babu roba. Na ce ko idona ne, na kira Ɗanladi mai walda da ke gefena, shi ma ya duba ya ce babu.

Zan faɗa miki abin da ban taɓa faɗa ba, lokacin kina firamare. Akwai wani Malam Rayyanu mai tallan kalanzir, ya kawo min kekensa wayar birki ta tsinke. Ba ni da waya a ranar, na ce ya bari zuwa gobe. Ya ce sauri yake, zai riƙa taka taya da silifas. Na yi dariya na miƙa masa keken. Bai kai Ƙofar Mazugal ba ya haɗu da tifa. Ni na je na janyo keken daga ƙarƙashinta, don ni na san shi. Daga ranar har yau, shekara ashirin da bakwai, keke bai fita shagona babu birki ba, ko mai shi zai zage ni.

To ga amsata. Na yarda ta yi tserenta, da sharaɗi ɗaya. Na zaɓo birki gaba da baya, mafi kyau da nake da shi, mara nauyi, na shafe shi da man giris. Malam Zahraddeen maƙwabcinmu zai koma karatunsa ranar Laraba, a unguwar Sentul can garinku yake zaune, na ba shi. A ɗaura mata. In babu wanda ya iya, a kira ni ta bidiyo in nuna.

Ki ce wa 'yarki Allah Ya yi mata albarka.

Yayanki,
Haliru

Taman Melati
8 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Saƙo ya iso, na je Sentul na karɓo. Mun gode, Allah Ya ƙara girma.

Na kai wa Koci Nurul. Da ta ji bayani ta fara dariya, amma da ta warware jaridar da ka ƙunso birkin a ciki ta ga yadda ka naɗe kowane noti daban, sai ta daina. Ta ce in gaya maka ka san aikinka. Sai dai ba za a iya ɗaurawa ba. Doka ce ta duniya baki ɗaya, keke mai birki ba ya hawa katakon nan. Alƙalai suna duba kowane keke kafin a fara, in sun ga birki sai su cire mai shi daga gasa. Jikin keken ma ba a yi masa hujin ɗaurawa ba.

Kuma ba don ganganci ba ne. Suna gudu taya na bin taya, tsakaninsu bai wuce taƙi ɗaya ba. In ta gaba ta matsa birki, ta baya ta gama yawo. Fedar a haɗe take da tayar baya, in taya na juyawa ƙafa na juyawa, da ƙafar ake rage gudu a hankali bayan an gama.

Yaya, Allah Ya jiƙan Malam Rayyanu, amma nan ba titin Fagge ba ne. Babu tifa, babu akuya, babu ɗan adaidaita da zai faɗo maka daga lungu. Kowa hanya ɗaya yake bi. Don Allah ka janye sharaɗin nan. Ban gaya wa Kamila ba tukuna, kullum sai ta tambaye ni ko ka amsa, ina ce mata kana shawara. Ranar ashirin ga wata za a rufe karɓar sunaye.

Sharifa

Fagge
10 ga Yuli

Sharifa,

Lafiya lau muke. Na ji bayaninki. Wanda ya kafa dokar ba shi ya haifi Kamila ba. Kilomita sittin a awa gudun mota ne, kuma ba a taɓa kawo min abin da ke gudu aka ce birki ne haɗarinsa ba. Ku roƙi alƙalan, ku ce ubanta ne ya ce. In an ɗaura, ta hau da albarkata. In ba a ɗaura ba, ban yarda ba. Maganata ke nan, kada mu yi ta ja.

Haliru

Taman Melati
19 ga Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa, ina fatan kowa lafiya. An shawo kan alƙalan. An ɗaura birkin, ga hoto nan ka gani, da shi za ta hau. Mun tura sunanta. Ranar Asabar goma sha shida ga Agusta ne, ƙarfe huɗu na yamma a nan, tara na safe ke nan a wajenku. Aiki ya yi min yawa, sai na sake rubutowa.

Sharifa

Fagge
17 ga Agusta

Sharifa,

Muna lafiya. Ba zan tsawaita gaisuwa ba.

Ba ki turo min inda ake kallo ba, na ɗauka mantuwa ce. Malam Zahraddeen ne ya turo. Jiya na share shago da wuri, na aro babbar waya, na jera benci. Ɗanladi ya rufe wajen waldarsa ya zo, masu faci suka zo, har liman ya leƙo. Na sayo ƙosai na raba. Na gaya wa kowa cewa birkin da ke jikin keken daga shagon nan ya fita.

Aka kira sunanta da sunan Najeriya. Ban san lokacin da na miƙe tsaye ba. Suka fara tafiya a hankali ita da wata, kamar masu rakiyar amarya, can sai suka tsaya cak a kan keken, ba mai motsi. Mutane suka fara cewa ko tsoro ne ya kama ta. Sai mai ɗaukar hoton ya matso da shi kan hannunta, ya daɗe a wurin. Na ga yatsunta goma a kan ƙarfe. Babu hannun birki, babu waya. Keken ma baƙi ne, wanda kika turo min shuɗi ne.

Ɗanladi ya gani, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Na fita na bar su da wayar. Ban san wadda ta ci ba, kuma ban tambaya ba.

Sharifa, ni za ki ruɗa da hoto? Shekara talatin da biyar ina kwance keke ina ɗaurawa, kika zaci ba zan bambance na titi da na tsere ba? Kunyar mutane ba ta dame ni ba. Abin da ya dame ni, da yarinyar nan ta faɗi jiya, ina zaune ina raba ƙosai da zuciya ɗaya, don ƙanwata ta ce min an ɗaura.

Na ga kiran Kamila sau shida, ban ɗauka ba, don ban san ko da ita aka haɗa baki ba. Ki shirya min 'yata ta dawo gida.

Haliru

Taman Melati
3 ga Satumba

Yaya,

Ina gaisuwa, in za ka amsa. Sati biyu ina kira ba ka ɗauka, Anti Ramatu ta ce kana lafiya, alhamdulillah.

Ƙarya na yi maka. Ba zan yi mata kwalliya ba. Ba wanda na roƙa, don na san ba a roƙon wannan. Na kai keken da take zuwa kedai, wato kanti, da shi wajen wani mai gyara a Setapak, ya ɗaura birkinka, na ɗauki hoto. Abdulgani ya ce kada in yi, na ce ya yi min shiru. Na yi lissafin ba za ka kalla ba, in an gama lafiya sai in lallashe ka.

Kamila ba ta san komai ba. Ce mata na yi ka yarda, ka aiko da birki kyauta don keken titi. Ta yi ta murna tana nuna wa ƙawayenta. Wannan ka riƙe shi, ko da ba za ka sake yarda da wata maganata ba.

Tsayuwar da kuka gani ba tsoro ba ne. A tseren nan wadda ke baya ita ke da riba, tana fakewa daga iska, tana kuma ganin duk motsin ta gaba. Shi ya sa kowacce take so ta tilasta wa ɗayar ta wuce. Kamila ta tsaya har 'yar Tailan ta gaji ta shige gaba, ta bi ta, ta cinye ta da rabin taya. A zagaye na gaba wata 'yar Koriya ta fitar da ita, wannan kam ta fi ta nesa ba kusa ba. Tana sauka, ko hular ba ta cire ba, kai ta fara kira.

Washegari da takardarka ta zo na zaunar da ita a shagon abincin mamak na ƙasan gidanmu na faɗa mata. Ba ta yi ihu ba, da ma ta yi. Ta ce, "Ashe ba da izininsa na hau ba." Ta tashi ta bar abincin. Tun ranar ba ta koma Nilai ba. Ta rataye keken a bango, ta sauko da akwati. Gaisuwa ce kawai tsakaninmu, kuma ita ce ta fi ci min rai. Koci Nurul ta zo har gida, ta ce ƙarfin ƙafar mai gajeren tsere ba ya jira, 'yan makonni ne ya fara zubewa, ga shi ƙarshen Oktoba za a tura sunayen masu zuwa gasar Afirka. Kamila ta ce mata sai abin da Baba ya ce.

Laifina na ɗauka. Amma tunda yau ranar gaskiya ce, kai ma ka ji naka. Ka kafa sharaɗi a kan abin da ba ka taɓa hawa ba, na yi maka bayani, ka ce kada mu yi ta ja. Kullum haka kake tun muna yara, in ka rufe magana sai dai mutum ya bi ko ya zagaya. Ni na zagaya, kuma na yi nadama.

In har yanzu kana kan bakanka, tana gama jarrabawa a Disamba zan kawo ta da kaina. Ka hukunta ni yadda ka ga dama. Ita dai ba ta yi maka komai ba.

Ƙanwarka,
Sharifa

Fagge
19 ga Oktoba

Sharifa,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, sai dai gwiwar hannuna ta dama da ke ɗaure, za ki ji dalili. Ruwa ya ɗauke, an fara girbi. Ki gaishe da Abdulgani, ki ce na ji shi ya hana.

Na daɗe ban amsa ba don maganarki ta ƙarshe ta tsaya min a wuya. Kin ce ban taɓa hawa ba. Na ji haushi kwana uku, a na huɗu na ga gaskiya ce. Na sauko da wani tsohon keke daga rufin shago, na cire birkinsa da hannuna, abin da ban taɓa yi ba. Na kai wa Ɗanladi ya toshe firiwil da walda, feda ta haɗe da taya yadda kika ce. Ranar Asabar bayan asuba muka tafi filin firamare.

Hawan farko na manta na tsayar da ƙafa. Fedar ta ɗaga ni sama ta yar. Ramatu ta ce tsufa ya zo min da hauka, ta ɓoye makullin shago, na karɓo. Sati uku ina zuwa. A hankali na gane abin. Keken ba ya ƙwace maka, duk abin da taya take yi kana jin sa a cinyarka, in ka danne baya yana saurare. Ban ce ya fi birki ba. Na ce ba yadda na zata ba ne.

Saura maganar da kika yi, ta in ta gaba ta matsa birki. Na sa Ɗanladi ya hau nasa mai birki, ni ina bin sa dab da dab, na ce duk lokacin da ya ga dama ya matsa kada ya faɗa min. Ya matsa. Ban ma ga lokacin ba, sai ga mu a ƙasa, tsofaffi biyu, keke a kanmu. Gudunmu bai kai na jaki ba. Ina kwance a wurin ina lissafa kilomita sittin. Dokar tasu daidai ce. Da alƙalan sun ji roƙona, da ni ne zan jawo wa 'yar wani abin da nake gudar wa tawa.

Jiya na kira Kamila. Mun daɗe, rabi kuka rabi Turanci. Na ba ta haƙurin kiran da ban ɗauka ba. Na ce ta sauke keken daga bango, a tura sunanta. Na kuma kalli tseren daga farko har ƙarshe, ni kaɗai. Yarinyar ta iya zama a kan sirdi.

Kada ki ɗauka tsoron ya tafi. Yana nan, kuma na gane ba zai tafi ba, sai dai in zauna da shi. Ke kuma ban huce ba tukuna. Na yafe, don na san son yarinyar ne ya kai ki, kuma ni na toshe miki ƙofa. Amma in kika turo hoto yanzu sai na ƙara masa girma na duba, kuma hakan yana min ciwo fiye da hannun nan. Ban san ranar da zai daina ba.

Abu ɗaya nake so. Da na hau na gane cewa a irin keken nan komai yana kan sarƙa da notin tayar baya. In sarƙa ta zame, ƙafa ba ta da abin riƙewa. Wa yake ɗaure mata su kafin ta hau? Ki je Nilai ki ɗauko min bidiyonsa yana aiki, daga ɗaukar sifana har ajiyewa, kada ki yanke ko'ina. Ba sai ya yi magana ba, ba na jin yarensu. Hannunsa kawai nake so in gani.

Yayanki,
Haliru